Dogaye Baya, Gajeru Gaba

Da mazauna benen suka yanke shawarar mayar da filin bayan gida lambu, ba a ɓata lokaci ba wajen neman mai tsara shi. Ga Hedimasta a hawa na biyu, ya yi ritaya, zaman banza na neman kashe shi. Mutumin da ya shekara talatin da biyar yana jera yara a aji, ina tumatir zai gagare shi, abin da ko motsi ba ya yi?

Ya sauko da rula da alli da wata tsohuwar rajista. Ya dasa kujerarsa a gindin bangon bene, ya ce daga yau nan ne gaban aji. Dokarsa guda ce, wadda bai taɓa karyawa ba ko don ɗan mai kuɗi: dogaye baya, gajeru gaba. Masara da kuɓewa aka kora can ƙarshe, bakin shingen waya. Tumatir ya sami tsakiya. Latas da albasa suka zo gaba. Layin farko kuwa, daf da takalminsa, ya ba barkono.

Wannan barkono ba na kasuwa ba ne. Na marigayiyar matarsa ne, wanda ta riƙa shukawa a tsofaffin bokitai tun suna amarya da ango. Bayan rasuwarta ya tsinci sauran irin a ambulan, cikin gwangwanin maɓallai. Ya shuka duka, bakwai suka fito. In waɗannan suka mutu, shi ke nan, babu wani a duniya.

Kullum da safe yana kiran rajista, maƙwabta suna leƙe ta taga suna toshe baki.

"Kuɓewa!" Sai ya amsa wa kansa, "Tana nan."

"Kabewa!" Ya ɗaga tabarau. "Tana nan, kuma a wurin wani, kamar kullum."

Kabewa ce ɗalibar da ta fi ba shi ciwon kai. Sau uku yana ɗaure ta a turke ya juya ta ta fuskanci bango, sau uku tana silalewa ta rungumi tumatir. Ran Juma'a ake jarrabawa: ya bi kowa da rula, ya rubuta maki. Masara ke zuwa ta ɗaya, har ya naɗa ta monita.

Barkono ne na ƙarshe a kowane mako. Ya yi siriri, ya koɗe, ya langaɓe. Bakwai suka koma biyar, biyar suka koma uku. Hedimasta ya buɗe masa darasin yamma. Ya ƙara ruwa, ya ƙara taki, ya yi masa nasiha kan muhimmancin ƙoƙari. Gaskiyar magana tsoro ne ya cika shi, ga shi kuma bai saba tambayar kowa komai ba.

A gefen filin Dogo mai wanki ke shanya. Tsohon ɗalibinsa ne, yanzu da furfura a gemu da 'ya'ya huɗu, amma har gobe in ya hango Hedimasta sai ya duba ko farcensa a yanke yake. Wata safiya Hedimasta ya ɗago kai daga rajista ya gan shi tsaye tsakanin zannuwan gado, hannu ɗaya a sama.

"Kai kuma lafiya?"

"Izinin magana nake nema, Malam. Tun shekaranjiya nake ɗagawa, ba ka duba ba."

"Yi sauri, muna tsakiyar darasi."

Dogo ya sauke hannu yana murza kafaɗa. "Malam, shekarata goma sha biyu ina shanya a filin nan. Tawul in na rataye shi a gindin bangon can, har la'asar da danshinsa. Rana ta wajen waya take shigowa da safe. Da azahar ta yi, bene ya tare ta. To ta safen ma monitarka ta shanye, ita da kuɓewa."

"Dogo, lissafi ma sai da ka maimaita aji, yau kai ne za ka koya mini tsarin zama? Gajeru gaba, don su ga malami!"

"Haka ne, Malam." Dogo ya sosa ƙeya. "Sai dai fa su ba kai suke kallo ba."

Hedimasta ya gyara tabarau. Ya juya ya dubi ajinsa, irin duban da bai taɓa yi masa ba. Latas ya karkata wajen waya. Albasa haka. Tumatir haka. Barkonon nan uku sun miƙa wuya iya ƙarfinsu suna leƙen haske ta tsakanin ƙafafun masara. Wata biyu cur yana koyarwa, aji gaba ɗaya ya juya masa ƙeya!

Ransa ya ɓaci, sannan kunya ta biyo baya. Ya rufe rajista a hankali.

"Kana da shebur?"

"Akwai, Malam."

"To me kake jira, sai na rubuto maka a allo?"

Dogo ya haƙo barkonon nan uku da ƙasarsu, Hedimasta ya tallabe su a farantin shayi, yana tafe yana yi wa kabewa tsawa ta janye ƙafa. Suka wuce tumatir, suka wuce monita, suka dasa mafi gajarta a aji a can bayan kowa, bakin waya. Daga hawa na uku wata ta yi tafi, ya ɗaga kai, tafin ya tsaya.

Ɗaya bai jure tafiyar ba. Biyu suka yi kwana huɗu a kwance, a na biyar suka miƙe. Ranar ce Hedimasta ya kinkimi kujerarsa ya kai ta bakin waya, kusa da igiyar shanya. Ya ce don ya sa ido ne a kan masu surutu a baya. Dogo ya ce ƙwarai kuwa, Malam.

Bayan mako bakwai barkono na farko ya yi ja. Hedimasta ya tsinke shi, ya goge a gefen riga, ya gatsa kafin Dogo ya gama ɗaga hannu.

Sai tari, sai atishawa. Hula ta faɗi. Ya zagaya kujera sau biyu yana fifita harshe da rajista. Dogo ya rugo da ruwa a murfin bokiti.

"Malam, kuka kake yi?"

"Yaji ne, sakarai!"

Ya zauna yana haki, hawaye na bin kumatunsa. Shekara talatin yana yi wa marigayiya ƙorafin wannan yajin a kan tebur, ita kuma tana dariya tana ƙara masa. Ya dubi ragowar rabin da ke hannunsa.

"Ya yi yawa, Malama," ya ce a hankali. "Kullum sai na gaya miki."

Sannan ya jefa sauran a baki.