Kunun Malam Mani

Tun da Naziru ya bar ƙauyensu na gefen madatsar ruwan Watari ya nufi Agadas neman aiki, mahaifinsa Malam Mani ya rage cin abinci. Da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi kuwa, sai ya rufe baki gaba ɗaya. Raudatu, 'yarsa mai jinyarsa, ta yi lallashi, ta yi kuka, kunu dai sai ya huce a kwano.

Wata safiya, don tsabar gajiya, ta ce, "Baba, Naziru ya bugo waya. Ya ce a gaishe ka."

Tsohon ya juyo da kai, ya buɗe baki, ya sha ludayi bakwai.

Ba ta yi niyyar maimaitawa ba. Amma washegari da ta kawo kunu ba labari, sai ya kau da fuska. Ta ce Naziru ya samu aiki a gareji, sai tsohon ya sha. Kafin lokacin cire albasa a gona ta saba: tana dama kunu tana shirya abin da za ta faɗa. Gaisuwa kaɗai ta daina isarsa. A labarinta sai da ta sama wa Naziru ɗaki, ta sama masa babur, har da yarinyar da yake nema. Ran da ta ce bai bugo ba, ko ruwa Malam bai kurɓa ba.

Ana fara shuka Muntaka, abokin tafiyar Naziru, ya dawo. A zaure ya tsuguna ya gaya mata: motarsu ta lalace a sahara tun watan da suka tafi, kuma da hannunsa ya rufe Naziru da rairayi.

Ta wanke fuska ta shiga da kwano, da niyyar faɗa wa mahaifinta.

"Ya bugo?" in ji Malam, da harshensa mai nauyi.

Bakinta ya riga ta. "Ya bugo, Baba. Ya ce da babbar sallah yana tafe."

Ya shanye tas, ya sa aka juya masa shimfiɗa ta fuskanci ƙofa.

Sallah ta zo ta wuce. Raudatu ta ce mota, ta ce hanya, ta ce maigidansa ne ya hana shi. Malam ya kalle ta kawai, bai ƙara buɗe baki ba. Kwana goma sha ɗaya ya yi a haka, ya cika.

A zaman makoki mata suna ta yaba mata haƙurin jinya. Ta sunkuyar da kai, ta rasa wanda za ta fara yi wa kuka.