Yatsan da Na Dangwala

...kuma ba ku da kunya, yaran yanzu, wallahi ba ku da ita. Dubi wancan, ya miƙe ƙafa a kan kujerar ɗakin karatu, littafi a kife, yana latsa waya. Irinsa ne gobe za a rataya wa farar riga a ce likita. Irinsa ne ya tare ni a barandar asibiti, gemu ma bai gama fito masa ba, yana kaɗa takarda: "Mama, sa hannu nan, sauri muke."

Sauri...

Fankar nan ƙara kawai take yi, ba iska. Kwana uku ina zuwa. Matar da ke kula da littattafai, Allah ya yi mata albarka, ta sauko min da manyan littattafan dokar lafiya guda biyu, masu nauyi kamar bulo, ta haɗa min da ƙarami wanda aka sauƙaƙa. Aji uku na yi aka cire ni. Da yatsa nake bi, kalma bayan kalma, tabarau yana zamewa. To sai me? Ko rarrafe ne zan kai inda aka rubuta hukuncin yaron likitan nan. Ya cire wa Auta mahaifa. 'Yata, shekara talatin da ɗaya, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Ƙari ne kawai aka ce za a cire...

Shafi na goma sha huɗu. Na karanta sau huɗu, na kira matar ta sake karanta min, ko idona ne. "Haka ne, Inna," ta ce. "Babba mai hankalinsa, shi kaɗai zai yarda a yi masa aiki. Ba uwa, ba miji, ba kowa, in dai yana iya magana."

Tana iya magana. A kan gado take, an ɗaura mata ruwa, ta kama gefen zanena — "Inna, ƙarin kawai. Ki gaya musu su bar min mahaifata." Na ce ki yi min shiru, ke kin fi likita sani ne? Tun tana ƙarama taurin kai gare ta. Kuma da ya ce cire duka ya fi aminci, jini zai iya ɓallewa... Na binne 'ya'ya biyu. Biyu! Wa zai ce in tsaya a yi min caca da ta uku?

Ban iya sa hannu ba, sai ya buɗe min kwalin tawada.

To ya yi laifi, ga shi a rubuce. Bai kamata ya zo wurina ba, ita ya kamata ya tambaya. Hukumar likitoci za ta iya karɓe masa takardar aiki, ya zauna a gida yana ƙirga silin. Abin da na zo nema ke nan. To me ya sa ban yi murna ba?

Saboda shafi na gaba. Mai ƙorafi ita ce marar lafiyar da kanta. Ita za ta nemi fayil ɗinta, a miƙa mata a hannu, ta buɗe... Takardar tana ciki. Yatsana yana ciki, shuɗi, zanensa a fili kamar an buga shi yau.

Wata bakwai ke nan. Da ta farfaɗo ta tambaya, wa ya ba su izini? Na ce likita ya san aikinsa. Har yau shi take tsinewa. Ni kuwa tana matsa min ƙafa, tana cewa, "Inna, ke kaɗai kika tsaya min." Ni da nake marin yaro a kan ƙaryar alewa...

In na yi shiru, ya sha. Gobe wata uwa, wata baranda, wani "sauri muke". In na yi magana —

Matar ta dawo. "Inna, a ɗaukar miki hoton shafin? Mun kusa rufewa." Na gyaɗa kai. Na'urar tana gurnani, tana tofo takarda da ɗuminta.

Shi likita dakatarwar wata shida zai sha, ko shekara, ya koma bakin aiki da farar rigarsa. Nawa hukuncin kuwa babu shi a littafin, na duba har bango. Zan zauna a bakin gadonta, in ajiye takardar nan a cinyarta, in ce Auta, ni ce. Daga nan hannun nan da ke matsa min ƙafa...

Wancan yaron ya tashi ya fita. Ana jan labule. Na dafa tebur sau biyu, har yanzu ina zaune, takardar a hannuna.