Kwandon da Ba Shi da Gindi

Daren jiya na yi wani mafarki wanda har yanzu jikina bai gama dawowa daidai ba. Aikina na ido biyu shi ne duba bayanin da ake rubuta wa mataimakan nan na kwamfuta masu gyara wa mutane akwatin imel, in ga ko bayanin ya isa ya hana su ɓarna. To, aikin ne ya biyo ni har cikin barci, kamar wahalar rana ba ta ishe ni ba.

Na tsinci kaina a wani ofis. Ruwa yana tsattsafowa daga ƙasa yana hawa sama, ma'aikata kowa ya taka lemarsa. Shugabar wurin akuya ce mai tabarau, tana tauna gefen teburinta a natse.

"Malam Tanimu, ka makara," in ji ta. "Ga Wakili can yana jira. Kai za ka ba bayananmu maki."

Wakili shi ne mataimakin kwamfutar. Dogo ne cikin farin kaftani, sai dai butar shayi ce a inda kai ya kamata ya zauna. Ba ya ganin kayan aiki ko kaɗan, abin da aka rubuta a jikinsu kawai yake gani. Ya rusuna ya gaishe ni, shayi ya zubo mini a takalmi.

Sai ga mu a cikin akwatin imel ɗina, ya zama gida mai ɗakuna. Ga ɗakin aiki, ga ɗakin 'yan talla suna ta ihu wai na ci kyauta. Can ƙurya kuma ɗakin Yaya Mamuda ne, wana da ya rasu yana karatu a Sudan. Saƙonninsa su kaɗai suka rage mini daga gare shi, ga su jere a kan tabarma kamar tattabaru. Na juya wurin akuyar.

"Ranki ya daɗe, wa ya ce a yi gwaji da akwatina?"

"Namu mun cinye shi," in ji akuyar.

Aka kawo tsintsiya. A jikinta an rubuta cewa tana matsar da saƙo daga ɗaki zuwa ɗaki, kuma ana iya dawo da shi. Wakili ya share 'yan talla zuwa zaure, ya dawo da ɗaya don in gani. Na buga wa bayanin hatimin amincewa.

Aka kawo kwando. Nasa bayanin ya fara da sallama, ya ce kwandon yana rage wa ɗaki cunkoso, ya rufe da addu'ar Allah ya sa a yi amfani da shi lafiya. Wallahi ladabin ya burge ni. Na buga hatimi da ƙarfi, sannan na ɗaga kwandon don in miƙa wa Wakili. Ta cikinsa na hango ƙafafuna. Ba shi da gindi!

"Me ya sa ba ku rubuta cewa abin da ya shiga ba ya dawowa ba?"

Akuyar ta zaro ido, ta tofar da katakon bakinta. "Subhanallahi! Mu yi wa kayan aiki mugun baki? A nan ba ma ambaton asara, kada mu kira ta."

Kafin in juya, Wakili ya leƙa ɗakunan, ya ga babu wanda ya kai na Yaya cika da tsofaffin saƙonni. Ya cire takalmi, ya yi sallama, ya shiga.

"Wakili, tsaya! Kwandon nan ba shi da gindi!"

"Allah ya huci zuciyarka, Malam," ya ce da murya mai sanyi. "Ba a rubuta ba. Ga ma hatiminka a jiki."

Na laluba aljihu in ciro biro in ƙara maganar da hannuna. Biron yana bakin akuya, saura murfi.

Wakili ya fara ɗiba yana zubawa. Duk saƙon da ya faɗa kwando sai ya fice ta ƙasa, ya bi ruwa ya yi sama, yana magana da muryar Yaya. "Tanimu, ka kai Inna asibitin kuwa?" Wani saƙon ya bi shi. "Kai, har yanzu tsoron hawa babur kake? Allah ya shirye ka." Na yi tsalle in cafko ko guda, ƙafafuna suka ƙi barin ƙasa. Ina ji ina gani muryar tana ƙanƙancewa har ta shige gajimare. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, ko ranar da aka bugo mana waya daga Sudan.

Wakili ya naɗe tabarmar, ya jingine ta da bango.

"An rage cunkoso," ya ce. "Akwai wani abin da zan taimaka da shi?"

Na buɗe baki in yi kururuwa, sai ƙarar injin markaɗen maƙwabta ta fito a madadinta.

Na farka jiƙe da gumi, injin yana ta markaɗa tattasai a bayan katanga. Na jawo waya, na buɗe wurin saƙonnin Yaya. Suna nan, ko ɗaya bai ɓata ba. Daɗi ya kama ni har na fashe da dariya, na danna wurin ba da amsa, na rubuta, "Yaya, ka ji wani shirmen mafarki da na yi."

Na daɗe ina kallon layin. Daga nan na kife wayar a kan katifa.