Tankar Goron Dutse

"A ba Soja hanya! A ba Soja hanya!"

Mutane suka dare gida biyu, Maharazu ya ratsa tsakiyarsu yana gyara zaman tsohuwar hularsa ta soja, wadda rana da gumi suka daɗe da cinye launinta. Tun daga Ƙofar Mata aka je aka taso shi yana tsaka da shan koko. An ce wani abu ya kwana a gonakin gindin Goron Dutse, kuma duk faɗin birni ba mai sanin ko mene ne sai wanda ya je yaƙin Bama ya dawo.

Abin yana tsaye ƙarƙashin wata kuka, ƙaton ƙarfe mai warin baƙin mai. Ba shi da taya irin ta mota, sai wata sarƙa mai faɗi da ta naɗe ƙafafunsa, ta bar sawu a ƙasa kamar an shimfiɗa tsani. A gefensa an ajiye wani ƙarami, mai buɗaɗɗen baki kamar mazurari, da dogon wuya yana kallon sama. An tambayi maigadin da aka bari, ya ce shi dai Turawa sun ce ya hana a hau, iyakar saninsa ke nan.

To, a nan gizo yake saƙa. Maharazu ya je Bama, wannan ba ƙarya. Amma dako ya yi, akwati a ka, cikin dajin da ko alfadari sai ya yi da gaske yake ratsawa. Tankar yaƙi sau ɗaya ya taɓa ganinta, ita ma a majigi. Sai dai shekara da shekaru yana ba da labari a bakin karofi, marina suna rini suna saurare, tankar nan ta yi ta girma a bakinsa har ta kai ya taɓa kwanciya ta bi ta kansa. Bakin da ya saba da "na gani" kuwa, "ban sani ba" nauyi take yi masa.

Ya zagaya abin, ya ƙwanƙwasa, ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashi. Ya miƙe yana kaɗa kai.

"Tankar yaƙi ce."

Wuri ya ɗauki salati.

"Wannan kuma igwa ce. Ta nan ake ɗura mata harsashi, ta can sama take amayarwa."

"To Soja, wa za a yaƙa?" in ji wani dattijo.

"Bature zai gaya maka ne? Wancan karon ma haka aka fara. Ƙarfe ya riga zuwa, sannan aka bi unguwa-unguwa ana ɗibar samari."

Wannan ta ƙarshe ba wanda ya tambaye shi. Daɗin baki ne kawai ya ja shi, don ya ga yadda idanu suka yo kansa.

Magana zarar bunu ce. Kafin ya koma Ƙofar Mata ta riga shi isa, har ta yi 'ya'ya. Yana shiga lungunsu aka ce 'Yardada tana nemansa.

'Yardada matar amininsa Jafaru ce. Tare aka ɗebe su soja, Maharazu ya dawo, Jafaru bai dawo ba. Gudawa ce ta kashe shi a daji, bisa wata tabarmar ganye, bayan ya riƙe hannun Maharazu ya ce ga amanar ɗansa Ashafa nan. Da Maharazu ya dawo ya ga fuskar matar, sai ya kasa cewa gudawa. Ya ce tanka ce ta same shi, yana tsaye kamar namiji. Ashafa yanzu ya zama cikakken marini, hannuwansa shuɗi har gwiwar hannu, kuma shi kaɗai Allah ya bar mata. Da yake ɗan fari ne, ita kuma jinin Fulani, ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Yaron nan" take cewa, ko "wancan". Ko tuwo za ta ba shi sai dai ta ajiye ta kau da kai.

Ta tsaya daga cikin zaure, rabin fuskarta a mayafi. Bayan gaisuwa ta ce, "Malam Maharazu, abin nan da ake faɗa, kai ka gani da idonka?"

Ga ƙofa nan a buɗe, da ya so fita da ya fita. Amma maƙwabta sun biyo shi sun tsaya a bayansa, kowa ya kasa kunne.

"Da idona."

"Irin wadda ta sami marigayi ce?"

In ya ce a'a, yau da jiya duk sun rushe tare.

"Irinta ce sak."

Ta yi masa godiya, ta koma ciki.

Bayan azahar ya sake komawa Goron Dutse, don kasuwarsa tana ci, ba a barin kasuwa tana ci. Yana cikin nuna wa wasu 'yan Ƙofar Wambai inda matuƙi yake ɓuya daga harsashi, sai ga wata ƙaramar mota ta tsaya. Wani Bature ya fito tare da wani malamin gona mai gajeren wando. Aka hau tankar, aka tayar. Da ta yi ruri mutane suka watse, wasu har da barin takalma. Maharazu bai gudu ba, ba don jarunta ba, sai don kada a ce Soja ya gudu.

Aka ɗaura mata wasu faya-fayan ƙarfe a baya, ta shiga gona tana tafe tana kifa ƙasa, jajir, kunya bayan kunya. Malamin gona ya ɗaga murya ya ce jama'a su matso, wannan katafila ce, motar noma, sarƙar kuwa don kada ta kafe a laka ne. Sannan aka haɗa igwar da injin motar da bel, wata faffaɗar igiya, aka kawo damin harawa da karan dawa aka tura a bakinta. Ta yi ta gurnani, ta dogon wuyan nan kuma gari yana zubowa, abincin shanu.

Dariyar da aka yi ran nan har kan dutse an ji ta.

"Soja, igwarka harawa take ci!"

"A kai ta Bama, ta niƙe abokan gaba!"

Ya tsaya yana yaƙe. Kunya ce, ya san za ta wuce, in ya yi kwana biyu bai fito karofi ba. Sai Hammadu, wanda ramin rininsa yake kusa da na Ashafa, ya ja shi gefe, fuskarsa ba alamar dariya.

"Baba Soja, ba ka ji ba? 'Yardada ta sa ɗanta a motar gabas. Kawunsa Ɗantani da ya daɗe yana roƙo a ba shi shi su tafi Makka ta ƙasa tana hanawa, yau ita da kanta ta ce su tafi. Ko riga bai gama tsamewa daga rami ba."

Maharazu ya san tafiyar gabas. Daga nan sai Barno, sai Fallomi, sai Sudan, a tsaya noman auduga don neman guzuri. Mai sa'a ya dawo da furfura. Da yawa ko labarinsu ba a sake ji.

Tun barinsa soja bai yi gudu irin na ran nan ba. Ya ratsa lunguna, ya fita ganuwa, hular ta faɗi bai tsaya ɗauka ba. A tasha ya tarar da gurbin motar, da ɓawon rake, da wata mai sayar da fura tana kife ƙwarya. Ta ce ai sun tashi tun ana idar da azahar.

Rana ta yi sanyi lokacin da ya yi sallama a zauren 'Yardada. Ta fito da kwanon tuwo a rufe da faifai, ta ajiye a gabansa.

"Allah ya saka maka, Malam. Marigayi bai sami mai gaya masa ba. Yaron nan ya samu. Ka riƙe amana."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya dubi kwanon, ya gane na Ashafa ne.

"'Yardada," ya ce, "ba tanka ba ce. Motar noma ce. Ban san ta ba na ce na sani."

Ta ɗago ta dube shi.

"Ta noma?"

"Ta noma."

"Ba yaƙi?"

"Babu."

Ta gyara mayafinta a hankali, ta juya ta shiga gida. Maharazu ya zauna da tuwon a gabansa, ya kasa buɗewa, ya kasa tashi. Can sai ya jiyo muryarta daga tsakar gida, ba da kuka ba, ba da ƙarfi ba, kamar mai kiran wanda yake ɗaki ya fito ya ci abinci.

"Ashafa," ta ce. "Ashafa."