Baƙin Ƙaro

Iliyasu ya ɗora ƙaramin akwatin a kan kifaffen turmi, ya soma kankare baƙin ƙaron da aka malala a cikinsa da tsinin reza. Manomi ne, amma duk ƙauyen nan na gabas da Zakirai an san cutarsa. Rediyo, tocila, matacciyar waya, ba ya ganinsu ya ƙyale sai ya farke cikinsu ya ga inda wuta ke bi. Matarsa Safiyatu takan ce da kaji na aiki da batir, da tuni babu ko ɗaya a gidan.

A shekarar da fetur ya gagari talaka, injinan ban-ruwa suka yi tsit a fadama, tumatir ya bushe a tsaye. Lokacin ne ya samo ƙonannen akwatin famfon sola, irin wanda ke daidaita wuta kafin ta isa famfo. Damina guda ya yi yana bin siraran layukan da ke kan koren allon ciki, har ya gane kansu, ya harhaɗa nasa da tarkacen rediyo. Ranar da ruwa ya ɓulɓulo, mutum ɗaya ya kira: Dabo, amininsa tun suna kiwon awaki, wanda har furfura ta fito musu a ƙwarya ɗaya suke shan fura.

"Kowa ya zo in nuna masa," in ji Iliyasu. "Abin da ke haɗa ni da masu kamfani ke nan, su yi abu su binne shi da ƙaro kamar asiri."

Dabo ya jinjina kai. "Ba ni shi in kai birni. Na san wanda zai yi mana da yawa, a raba wa mutane."

Ya ba shi. Da Dabo ya dawo, sai ya ce an yanke masa jaka a tasha. Har ƙwalla ya yi, kuma Iliyasu, bawan Allah, shi ne ma ya riƙa ba shi haƙuri.

Kafin rani ya zagayo, Dabo ya buɗe rumfa a kasuwar Zakirai, yana sayar da akwatunan sola masu sheƙi, wai daga ƙasar waje. Mutane suka sayar da awaki suka saya. Sai dai da rana ta take, akwatunan kan yi hayaƙi su mutu. Ɗaya daga cikinsu ne wani maƙwabci ya kawo wa Iliyasu, shi ne yake kankarewa.

Da koren allon ya bayyana, sai rezar ta tsaya a hannunsa.

Sa'ad da yake haɗa nasa na farko, hannunsa ya taɓa gocewa, ƙarfen narka dalma ya katse layi ɗaya. Sai ya kewaye wurin da 'yar waya, ta yi lanƙwasa kamar lauje. Daga baya ya gano nan ne ke ɗaukar zafi, ya gyara a na biyun da ke gonarsa. To ga laujen nan a gabansa, inji ya buga shi tsaf, babu abin da aka rage. Kuskurensa ne, an yi masa ado, an zuba masa ƙaro don kada irinsu Iliyasu su leƙa.

Ya ji abin har cikin ƙashinsa. Da a ce Dabo ya faɗa masa gaskiya ya roƙa, ai da kyauta zai ba shi, har da gyaran.

Bai gama tattara ɓarɓashin ba ya ji sallama. Dabo ne, da buhu a kafaɗa, ya zube shi a zaure, akwatuna suka yi ƙara.

"Mutumina, ka cece ni. Mutane sun sa ni gaba. Waɗannan Turawa ba su iya aiki ba, wallahi."

Iliyasu ya miƙa masa allon, ya aza yatsa a kan lanƙwasar. "Wannan Baturen, hannunsa na rawa kamar nawa."

Dabo ya duba. Sai ya shiga gyaran hularsa da ba ta karkace ba.

"Zan gyara su," in ji Iliyasu. "Masu tumatir ba su yi mini komai ba. Amma a dandali zan yi, a buɗe, kowa yana gani."

Safiyatu ta yi sallama daga bakin ƙofar ciki, ta turo ƙwaryar fura da ludayi biyu a kai, kamar yadda ta saba tun tana amarya. Dabo ya matso, har ya miƙa hannu.

Iliyasu ya ɗauke ludayi ɗaya, ya mayar mata.

"Safiyatu, kawo wata ƙwaryar daban," ya ce a hankali. "Yau baƙo muka yi."