Dutsen da Ya Riƙe Nakurei

Shekarar da tsibirinmu Nakurei ya ƙi tashi, ni ce mai duban sanda, kuma shekarata talatin da ɗaya ke nan ina yi. Duk lokacin sanyi Nakurei yakan zauna a kan rairayin kudu saboda nauyi. In sanyi ya fara sakin jiki sai a yi ranar Sauke Nauyi, ni kuma in hau tudun gaɓa in zuba wa sandar kakanni ido. Da jan zoben da ke jikinta ya fito daga ruwa sai in busa katantanwa, a buɗe manyan tabarmin iska, tsibiri ya bi ruwa zuwa ɗumi, a dasa gwaza. In na busa da wuri, iska ta yayyaga saƙar wata shida. In na makara, iri ya ruɓe a kwando.

Ranar ta fara lafiya lau. Kowa ya ɗaga tabarmarsa ya kwashe duwatsun da suka taru, domin a wurinmu duk maganar da ka so faɗa wa wani ka haɗiye, dutse take zama a ƙarƙashin shimfiɗarka. Aka yi layi a bakin gaɓa ana jifa. Kowane dutse in ya taɓa ruwa sai ya faɗi abin da ke cikinsa, da muryar mai shi, kowa na ji. Wannan ne abin da na fi so a shekara, ba zan ɓoye ba.

Na Oleti mai saƙa ya faɗa ruwa ya ce, "Surukata, kifinki ko kare sai ya yi tunani."

Surukar ta dafa ƙugu. "Au, haka ne? Amma kullum ke ce mai neman ƙari!"

"Yunwa ce, Inna, ba daɗi ba."

Aka kwashe da dariya. Wani tsoho ya jefa guda tara, duk a kan kazar maƙwabcinsa. Mijina Tuvane, mai gyaran kwalekwale, ya jefa ƴan tsakuwoyi biyu kamar kowace shekara, ɗaya ma cewa ya yi in rage minshari.

Da aka gama, jama'a suka juya wa teku baya yadda aka saba. Mutum biyu kawai ke fuskantar ruwa: mai duba, da mai riƙe mata katantanwa, wato Tuvane. Muka tsaya har rana ta take. Jan zobe bai fito ba.

Washegari ma haka. Da hantsi Rangiwe, shugaban dattawa, ya same ni a kan tudu yana ta gyaran murya.

"Yaya Maheru, kin san al'ada."

"Tun kana tsirara na san ta."

"In rana ta uku ta faɗi ba a busa ba, sai a sake mai duba. Ga Sirua ƴar ƙanwarki ta kawo ƙarfi."

"Sirua ta fara koyon ɗaura zane tukuna. Wani ne ya ɓoye dutse, kuma zan zaƙulo shi."

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma gaskiya son sani ya fi ɓacin ran yawa. Ƴan duwatsun da ake mantawa a lungu ba su taɓa riƙe tsibiri ba. Wace irin magana ce za ta yi wannan nauyi? Kuma wa ke kwana a kanta bai karye ba?

Na bi gari gida gida ina ɗaga tabarmi. Na leƙa rumbuna, na zura hannu cikin tuluna, har akurkin kazar nan sai da na taɓa. Wata amarya ta fashe da kuka kafin in tambaye ta komai, ta fito da ɗan dutse kamar ƙwayar gyaɗa daga kitsonta. Na ce mata ta mayar, wannan ko ganye ba zai nutsar ba. La'asar ta yi ban samu komai ba sai ciwon gwiwa.

Na koma gida na wuce rumfar Tuvane don in sauke masa haushina. Yana zaune a kan wani tsohon kwalekwale da ya kife, yana kankare itace. Na zauna kusa da shi ina masifa. Can sai na ji ƙasana da ɗumi, alhali rumfar ba rana.

"Tashi," na ce.

"Ina aiki."

"Tsoho, tashi kafin in tashe ka."

Ya tashi. Da ƙyar muka birkice kwalekwalen, shi yana yi kamar an tilasta masa. Ga dutse nan ya fi turmi girma, baƙi wuluk, ya nitse cikin ƙasa har rabi. Na ɗora hannu na ji yana da ɗumi kamar goshin mai zazzaɓi. Ban taɓa ganin irinsa ba. Na zagaya shi sau biyu, na ƙwanƙwasa, har kunne na kara ko zan ji wani abu.

"Ba ya magana sai a ruwa, kin sani," in ji shi.

"Shekara nawa?"

"Bakwai. Da farko a tafin hannu nake ɓoye shi. Da ya fi ƙarfin tabarma na gangaro da shi nan."

"Mutumin da in ya yi jimla uku a yini sai ya kwanta ya huta, ina ka samo wannan? Mace ce?"

"Wace mace za ta kalle ni?"

"Oleti ce? Na ga yadda take maka dariya da haƙori biyun nan nata."

"Maheru, naki ne."

Na sake duban dutsen. Na yi ta lissafi a zuci: abin da na yi wa uwarsa, jirgin da na sa ya sayar, ranar da na kira shi kunkuru a gaban mutane. Babu wanda ya kai turmi a ciki.

Ya ce, "Hanya biyu ce. Ko mu gangara da shi teku gari duka ya ji, ko in faɗa miki a nan, ido da ido, ya narke. Na yi ta neman ta uku ban samu ba."

"To faɗi mana! Ka riƙe mutum ɗari huɗu a cikin sanyi kana neman ta uku?"

Ya ajiye wuƙarsa. Ya ɗago ya kalle ni.

"Ba kya ganin zoben. Shekara bakwai ke nan ba kya ganinsa. In ya fito nakan yi tari, ke kuma ki miƙo hannu ki karɓi katantanwa."

Dutsen ya yi wata ƙara, ya tsage gida uku, ya zube ya zama yashi a kan ƙafafunmu.

Kunya ce ta fara kama ni, kafin baƙin ciki. Na san da tarin, mana. Tun shekarar da sandar ta fara zama mini hayaƙi hayaƙi na lura cewa in zobe ya fito numfashinsa yakan sarƙe. Na ɗauka murna ce ke shaƙe shi, na ɗauka ni ce mai wayo, ina sata bai sani ba. Ni dutse bai fito mini ba, domin ban taɓa niyyar faɗa wa kowa ba, ko kaina ban faɗa wa ba.

"Da gangan kake yi?"

"Ni da ko mura ba na yi."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Na ga yadda kike hawa tudun nan. Kamar yarinya."

Na so in zage shi, amma zagin bai zo ba. Na ce masa gobe in ya kuskura ya yi tari sai na tura shi ruwa. Ya ce to.

Da safe jama'a suka taru suka juya baya. Na hau tudu, Tuvane a gefena ya yi tsit. Na buɗe ido iyakar ƙarfina, na murza, na sake buɗewa. Ina son in gan shi da kaina ko sau ɗaya ne, don in san na sauka da ƙafata. Toka toka kawai nake gani, ruwa da sama duk sun haɗe. Mutum ɗari huɗu suna jira, kowa da kwandon irinsa.

Na ɗaga murya na ce, "Sirua! Zo nan."

Aka fara gunaguni. Na ji takunta ta hawo tana haki.

"Goggo, lafiya?"

"Juya ki duba. Me kike gani?"

"Goggo, ai ba a yarda in..."

"Ke, ni na yarda. Faɗa mini."

Ta juya ta duba. "Ya fito. Ja sosai, har ya wuce ruwa da yatsa biyu. Ashe haka yake da kyau!"

Na karɓi katantanwar daga hannun Tuvane na danƙa mata. Na ce ta cika ciki da iska, kada ta busa kamar mai hura miya. Sannan na riƙe hannun tsohon muka sauka, muka shiga layi, na juya wa teku baya kamar kowa.

Busar ta fito a karkace, amma ta fito. Aka saki tabarmin iska. Sai na ji ƙasa ta motsa a ƙarƙashin tafin ƙafata, a hankali, ta ɗan yi sama sannan ta sulale gaba. Na damƙe hannun Tuvane.

"Mene ne wannan?"

"Tashin ke nan," in ji shi. "Kowa na jin sa duk shekara."

Shekara talatin da ɗaya ina tayar da Nakurei, ban taɓa jin ya tashi ba sai ranar.