Ƙusar da ke Bakin Bututu

Haimbodi ya sake taɓa ƙirjinsa, motar ma'aikata tana gangarawa da su cikin ramin yuraniyom. Magulmaciya tana nan. Haka suke kiran ɗan ma'aunin da hukuma ta tilasta wa kowa maƙalawa a riga, mai tattara labarin gubar da jikin mutum ya kwasa. Ranar da taka ta cika, a mayar da kai sama sharar fili, alawus ɗin ƙarƙashin ƙasa kuma ya bi iska.

"Ka bar shafa ta, Tate, ba budurwa ba ce," in ji Gaseb, abokin aikinsa, baki cike da burodi. Tate, wato baba, haka kowa yake kiran Haimbodi. "Yau dai a lallaɓa. Meme Uiras ta hukuma tana cikin ramin."

"Me ya kawo ta?"

"Maganar ƙara fanka a sabon sashe. Kamfani ya ce ɓarnar kuɗi ce. Ita kuma ta duba magulmatanmu, ta same su tas. Yau za ta sa hannu a bar zancen." Gaseb ya tuntsire da dariya. "Mun fi likitoci lafiya!"

Haimbodi dai ya san inda tas ɗin ta samo asali. A wani lungu, bakin bututun da ke huro iska daga sama, akwai ƙusa. Kowace safiya sai a rataye magulmata a can su sha iska mai daɗi, masu su kuma su wuce ƙurya, inda iska take tsaye kamar ruwan kududdufi. In an tashi, kowa ya ɗauki tasa. Wayo ne, kuma wayon yana ɗora tukwane a gidaje har garin Ondangwa.

Tuyeni ce ta hana shi sakat. 'Yarsa ta fari, yau ta fara tuƙa motar kwasar dutse a sabon sashen, ta ma riga shi sauka. Jiya a wajen masu gasa naman kapana ya kama hannunta ya ce, "Kada ki raba abin nan da ƙirjinki, ko wa ya ce miki."

"Haba Tate, ni yarinya ce?"

Tun daga bakin rami yake lallashin kansa. Ko ba fanka, ai magulmaciyarta za ta cika da wuri, a kora ta sama, ta tsira. Amma zuciyarsa ta ƙi kwanciya.

Da suka sauka ya yi ta jan ƙafa. Ya gyara fitilar hularsa, ya sake ɗaure takalmin da ba abin da ya same shi, har kowa ya rataye tasa ya wuce, saura Gaseb da ke jiransa. Ya shiga lungun ya haska ƙusar. Magulmata na ta lilo a iska, tsofaffi, duk sun koɗe. A cikinsu akwai wata sabuwa fil, sunan da ke jikinta ko ƙura bai gani ba. Sunan Tuyeni ne.

"Wa ya nuna mata?"

"Wa kuwa?" in ji Gaseb. "Tun tana 'yar makaranta take jin kana ba baƙi labarin ƙusar nan kuna dariya. Cewa ta yi ƙusar ce ta kai ta makarantar tuƙi, ba za ta raina ta ba."

Can sai ga hasken fitilu a babbar hanya. Meme Uiras ce da manajan rami, yana ta zuba mata bayani, tana gyaɗa kai. Ba lungun suka nufa ba, wucewa za su yi.

"Kashe fitilarka," Gaseb ya raɗa masa. "Tate! Kashe mana!"

Haimbodi ya tuna mutanen da ke ƙurya, da matansu, da irin kallon da za a bi shi da shi a motar komawa. Tsoro ya ji, ba kaɗan ba. Daga can ƙasa kuma yana jiyo gurnanin motar kwasar dutse, ana sauya mata giya a hankali, irin na sabon hannu.

"Meme!" ya ɗaga murya. "Kafin ki sa hannu, zo ki haska nan."

"Ka kashe mu," in ji Gaseb.

Fitilun suka tsaya, sannan ɗaya ta juyo. Kafin ta iso, Haimbodi ya ɓalle magulmaciyarsa daga ƙirji ya rataye a kan ta 'yarsa, yadda sunansa zai zama na farko da hasken zai faɗa a kai.